Malam Zulkiflu Da Gidan Da Ba Nasa Ba

Ban taɓa zama da mutumin da yake ba ni haushi, kuma nake kewarsa, kamar Malam Zulkiflu ba. Mutumin Ƙaura Namoda ne, direban wani Balarabe a unguwar Al Thumama da ke Doha, ni kuma aikin gadi nake yi. Ɗaki ɗaya muke a unguwar Mansura, mu shida, gadajen ƙarfe na sama da ƙasa, igiyar shanya ta ratsa tsakiya. Yanzu duk mun watse, shi ma ya koma gida, amma har yau in na bi ta layin sai na ɗaga kai na dubi tagar.

Babu matsalar da za ka kai masa ya yarda ta gagara. Ka shigo kana huci don an canza maka wurin aiki ba dalili, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Zauna, Suraj. Abu ne mai fahimtuwa." Kafil, wato maigidan da ya ɗauke shi aiki, ya hana Ja'afaru, abokin zamanmu, tafiya hutu? "Mai warwaruwa ne." Wani ya lamushe naman da ka ɓoye a firji? "Wannan ma yana da bayani."

"Haba Malam!" in ji ni wata rana. "Kai ko gini ne ya rufto maka, cewa za ka yi yana da bayani!"

Dariya kawai ya yi. Abin takaicin, yawanci shi ke da gaskiya. Zai zaunar da kowa ya ji ta bakinsa, kafin shayi ya huce an shirya. Wallahi na yi kewar wannan zaman.

Ta gidansa ce ta gagare shi. 'Yarsa ta fari, Firdaus, ta daina ɗaukar wayarsa. Dalilin kuwa hotuna ne. Haka mutanenmu suke yi da salla: a sa farar jallabiya, a tsaya ƙofar gidan maigida, a jingina da motarsa, a aika gida don hankalin iyali ya kwanta. Malam ya yi shekara da shekaru yana haka. Firdaus ta taso tana kallon hotunan, tana kuma tara roba a ɗakin uwarta duk damina saboda yoyo. Sai ta yanke cewa ubanta yana cikin daula, su ne bai ga sun isa ya ɗauko ba.

Na ce masa, "Ka ɗauki hoton ɗakin nan ka aika mata, khalas, shi ke nan!"

"Ina! Uwarta ta gani, jininta ya hau?"

Ba jinin kowa ba ne, kunya ce, na kuwa faɗa masa. Ya yi fushi da ni har ya daina zuba mini shayi, sai da Ja'afaru ya shiga tsakani.

Ana nan sai Allah ya ba yarinyar tallafin karatu a nan Doha, digiri na biyu. Ba ma ita ta gaya masa ba, a bakin uwarta ya ji. Da ƙyar ta yarda su haɗu a kasuwar Souq Waqif wata Juma'a bayan la'asar, ya ja ni na raka shi. Ta gaishe shi a ladabce, irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabci. Ya sayo mata dabino da turare, ko kallon ledar ba ta yi ba.

"Gidan nake so in gani," ta ce.

Ya jawo ni gefe. "Suraj, ko mu bi da ita ta Al Thumama, ta ga gidan maigidana daga waje?"

Raina ya ɓaci. "Malam, in ka yi haka ka rasa ta har abada. Yalla, Mansura za mu!"

Na buga wa Ja'afaru waya na ce kowa ya sa riga ya ba da wuri, baƙuwa na tafe. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Mansura. Muka hau benen nan mai warin albasa da jiƙaƙƙen takalmi, Malam na gaba yana haki.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dubi igiyar shanya, ta dubi tukwanen da ke ƙarƙashin gado.

"Wanne ne naka?"

Ya nuna na ƙasa, na jikin bango. Ta je za ta zauna, goshinta ya bugi ƙarfen gadon sama. Ta dafe wurin, ta sunkuya, ta zauna a takure yadda shi yake zama kullum.

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun kina aji ɗaya," ya ce. Ya gyara murya, ya ɗaga hannu zai fara. "Firdaus, ki saurare ni, in yi miki..."

"Bar shi, Baba. Na gani."

Ta matsa gefe, ta kaɗe masa wuri a kan katifar. Dattijon nan ya sunkuya ya zauna kusa da 'yarsa, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Ni ma idona ya cika, ba zan ɓoye ba. Na jawo musu ƙofa, na sauka wurin su Ja'afaru a ƙasan bene.