Baba Ndagi ya miƙar min da aikina

Jama'a, tafiyata Abuja gobe ta fasu. Ku ji abin da ya same ni yau!

Kun san aikin ƙarfen da zan kai baje kolin masu fasaha, wanda na yi da tsohon gadon marigayiya Inna. Ba siffar mutum ba ce, ba ta dabba ba. Murɗa ƙarafan kawai na yi, yadda ciwo ya riƙa murɗa ta. Masu bajen sun ga hoto, har sun ware min wuri.

Shekaranjiya na kai shi Tunga wajen Baba Ndagi mai walda, tsohon maƙwabcinmu. Na ce gindi kawai zai sa masa don ya tsaya. Ya ce to.

Yau na je da mai a-kori-kura. Na duba ko'ina, babu aikina. Sai ga gado a ƙofar shago! Ƙafa huɗu, miƙe sambal, har da sabon fenti!

Na ce, "Baba, ina kayana?"

Ya ce, "Ga shi nan, ɗana. Ina gani na gane gadon Hajiya, ni na haɗa mata shi tana amarya. Wane marar imani ne ya murɗe shi haka?"

Innalillahi! Na kasa cewa ni ne.

Ya share ido da hularsa ya ce, "Baiwar Allah nan ta sha wuya. A bar gadonta ya huta."

Direba ya ce, "Oga, a ɗora?"

Na ce a ɗora.

Yanzu haka yana ɗakin Inna, inda yake a da. Ni kuma ina zaune a ƙasa, na kasa hawa.