Tauraron da Ya Karkace

Mai Rediyo yana cikin kwance murfin bayan wata tsohuwar rediyo, sai ga babbar 'yar Tela a bakin shago, idanunta jawur. "Baba," ta ce, "abokinka ya cika." Ya ajiye sukudireba a hankali, kamar mai gudun tada mai barci.

Shekara arba'in shagunansu suna jingine da juna a bayan barikin soja. Tela mutum ne mai sanyin hali, kullum allura a baki, tef a wuya. Shi ke yi wa hafsoshi ɗinkin kaki, yana kurin cewa shi kaɗai ne farar hular da zai ce wa soja "ɗaga hannu", kuma ya ɗaga.

Wata rana da la'asar wani Kanar ya kawo rigarsa, ya zube taurari a kan tebur. "A ƙara min waɗannan a kafaɗa kafin magariba." Tela ya yi masa barka da ƙarin girma, ya ɗinka cikin gaggawa. Da gari ya waye sai ga muryar Kanar a rediyo: an kifar da gwamnati, shi ne shugaba.

Shekara shida ya yi yana mulki. An kwashi mutane, wasunsu har yau ba labari. Hotonsa yana rataye a kowane ofis, kuma a hoton, tauraro ɗaya na kafaɗar hagu a karkace yake. Ba wanda ya lura sai Tela. Duk inda ya shiga, ɗinkinsa ne ke kallonsa. Tun daga nan bai sake taɓa kaki ba, ya koma rigunan 'yan makaranta. Abu ɗaya ke cinsa: ko yana da kaso a alhakin mutanen nan.

Shekaranjiya Mai Rediyo ya je duba shi. Tela ya rame, ya kama hannunsa.

"Mutumina, kana ganin za a tambaye ni taurarin nan?"

"Ka san abin da zai yi da su?"

"Wallahi ban sani ba."

"To kwantar da ranka. Wandona da ka riƙe shekara uku, shi za a tambaye ka."

Tela ya yi dariya har da tari. "Ka dawo jibi."

"Haka kake cewa kullum."