Ranar da Aka Sauke Aksul ɗin Motar Baba

Ranar Juma'a ta ƙarshe kafin azumi, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, aka ɗaga a-kori-kurar Baba bisa jak a ƙofar gidanmu na Asata, cikin Enugu. Da ita yake ɗauko albasa daga bayan gari, kuma ta soma gazawa a hawan tudun da ake bi kafin a shigo. Oga Chidi, makaniken da suka fi shekara ashirin suna tare, ya ce maganin shi ne a sauya aksul na baya, wato tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyi, a sa mai haƙora da yawa. Gudu zai ragu, amma za ta ja kaya.

Ni ce tafintarsu, domin a Enugu aka haife ni, ina jin Ibo, Baba kuwa Burokansa bai wuce na ciniki ba. Bayan na gama wanke-wanke na tsuguna ina kallo. Oga Chidi ya tsiyaye baƙin mai a tsohon kwano, ya kwance farfela, wato doguwar sandar da ke juya aksul ɗin, ya zare sandunan tayoyi, sannan mutum uku suka sauko da tukunyar a hankali. Ya ƙirga haƙoran sabuwar da alli, Baba yana ta tsokanarsa: "Oga, ko ɗinkin kaciya ai bai kai haka ba!"

Baba ya tafi masallaci. Oga Chidi ya ɗaure komai, sai aka aiko kiransa wani aikin. Ya ce mini da Ibo, "Hauwa, gaya wa babanki ban zuba mai ba. Kada ya tayar sai na dawo gobe." Na ce to, na ruga wasan carafke a bayan gida, na manta da saƙon.

Bayan la'asar Baba ya tafi ɗauko kaya. A tsakiyar tudu aksul ya ƙone ya cije, haƙoran suka farfashe, motar ta koma da baya ta faɗa kwalbati. Allah ya tsare rai, motar dai ba ta sake tashi ba.

Washegari Baba ya tsayar da ni tsakaninsa da Oga Chidi, ya ce in tambaye shi ko haka ake riƙon amana. Na tambaya. Oga Chidi ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ce masa na manta." Haka na fassara.

Ba su ƙara gaisawa ba. Baba ya koma tura baro a kasuwar Ogbete har ƙarfinsa ya ƙare, kuma idan zancen ya taso sai ya ce, "Laifina ne da na yarda da mutum."

Yanzu shagon sayar da waya ne a inda garejin Oga Chidi yake, yaran unguwar ma ba su san sunansa ba. Sau da yawa na shirya gaya wa Baba gaskiya, ina cewa sai ranar da na ga ransa a sake. Ya rasu bara, ban gaya masa ba.