Shekarar da Kakana Ya Kyautar da Fadamarsa

Duk lokacin da ƙamshin sabuwar shinkafa da ake turarawa ya bugi hancina, sai in tuna kakana da taurin kansa. Allah ya jiƙansa, mutum ne da in ya kafe, ko jaki ya sallama masa.

Ƙauyenmu yana gabas da Haɗeja, a bakin fadama. Ina 'yar ƙarama, idan kogi ya kawo, har gindin tsamiyar ƙofar gidanmu ruwa yake zuwa, mu yi ta kamun tarwaɗa da kwando. Kafin in isa ɗaukar tulu, ruwan ya daina zuwa tsamiya, ya tsaya a burtali. Daga baya ko burtalin ba ya isowa. Shekara da shekaru yana ja da baya a hankali, kamar mai jin kunyar suruki, shinkafarmu tana bushewa a tsaye.

Maƙwabta suka koma noman gero a tudu. Kakana ya rantse ba zai yi ba. Kakanninsa daga bakin Tafkin Cadi suka zo, kuma a wurinsa tafkin nan ba abin da zai taɓa shi. "Kogin nan ne ya tsufa," in ji shi. "Can gida ruwa ba ya gudun mutum." Ya ce can za mu koma. Ya tara dattawa, a gaban liman ya kyautar da fadamarsa ga maƙwabcinmu, wai don kada zuciya ta ja shi baya. Kakata ta yi magiya har muryarta ta dashe, bai ko kalle ta ba. Aka ɗaure kaya ana jiran fatake masu zuwa Borno.

Saura kwana uku a tashi, da hantsi, sai ga baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya tafi Makka a ƙafa tun ban yi wayo ba, har an fid da rai da shi. Bayan an sha koke-koken murna, ya dubi ƙullin kaya ya ce, "Baba, ina zuwa haka?" Aka gaya masa. Ya ajiye ƙwaryar furar da ke hannunsa.

"Baba, da zan tafi, a kwalekwale muka tsallake gefen tafkin nan. Da zan dawo, nan na bi da ƙafa, ƙaya tana suka ta. Na ga garinku. Jirage a kife kan yashi, ruwa sai an yi tafiyar yini."

Kakana ya ce, "To, gaba fa?"

"Ƙasar Wadai haka, Darfur haka. Alhazan da na haɗu da su daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba, kowa kukansa ɗaya. Damina ta gajarce, rijiya ta ƙara zurfi."

Kakana ya saki baki, yana ta duban ɗan nasa. Duk zatona ƙauyenmu kaɗai abin ya sama, ashe duniya ce gaba ɗaya, kuma ga mu babu gona, babu wurin gudu.

Da yamma maƙwabcin ya zo ya durƙusa. "Baba, don Allah ku karɓi fadamarku."

"Ba zan lashe amaina ba," in ji kakana. Sannan ya ce a hankali, "Amma in kana da irin gero, sam mini ƙwarya ɗaya."

Kakata ta juya baya don kada ya ga hawayenta. Da furfurarsa kakana ya koyi huɗa a jigawa, yara suna gyara masa kunya.

Yau ni ce tsohuwar gidan, kuma jikokina ba su yarda an taɓa kama kifi a inda jakuna suke birgima. Duk baƙon da ya sauka daga nesa, kafin in tambayi lafiyar iyalinsa sai in ce, "Ina ruwa a wajenku?" Har yanzu ban sami wanda ya ba ni amsar da nake so ba.