Tudun Da Ruwa Ya Bar Wa Inna

Ana idar da sallar asuba muka bar Rogo, ni da Inna da ƙanwata, a wata bas da ta fi Inna tari. Tun ina yaro take ba mu labarin ƙauyensu da ruwan dam ya cinye a ƙasar Karaye. Tudun da aka binne mahaifinta kaɗai ya tsira, ya zama tsibiri. Ta daɗe tana son zuwa, ciwonta na asma ne ya sa muke ta ja mata rai. Bana na ce a je a lokacin kaka, ai iskar kan ruwa magani ce. Ni mai ilimi ke nan.

Dawa ta sunkuya hagu da dama, an shanya gyaɗa har bakin kwalta. A Karaye muka karya da koko da ƙosan da tsada ta ramar.

Mai kwalekwale, wani dattijo, ya ji numfashin Inna ya ce, "Hajiya, da kun bari Fulani sun haye da shanu sun cinye ciyawar. Yanzu gamba na bununi, garin furenta na tashi." Na ce ba daɗewa za mu yi ba.

Ruwan ya kwanta luf. Inna na nuna ƙarƙashinsa da yatsa: nan kasuwa, nan rijiya, nan gidan ungozoma. Har na fara ganin katangu.

A tsibirin gamba ta fi mutum tsawo. Iska na kaɗa ta, wani gari rawaya na tashi yana yawo cikin rana. Na tsaya kallo, ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Atishawa ta farkar da ni, sai na ji ƙirjin Inna na kuka. Kabarin na can tsakiyar ciyawa, ba ta yi taku goma ba. Wallahi na tsorata. Ƙanwata ta ba ta abin shaƙarta, dattijon ya jiƙa mayafi ya rufe mata hanci, muka kinkime ta zuwa kwalekwale.

Sai tsakiyar ruwa numfashinta ya dawo. Ta sa aka tsaya, ta fuskanci tudun, ta yi wa mahaifinta doguwar addu'a. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Share hawayenka. Da ma daga bakin zaure nake gaishe shi."

La'asar ta yi mana a gida, idanu jajur. Na koyi cewa ciyawa ma tana da lokacinta, kuma ɗan gari ya fi ni karatu. Inna kuwa har ta aika a tambayo mata ranar da shanu za su haye.