Inna Baraka da Ƙwaron Dutse

A Dakoro, in ƙaiƙayi ya faɗa maka ido lokacin sussuka, gidan Inna Baraka ake kai ka. Sai ta kurkure baki, ta riƙe kanka kamar mai zaɓen kankana, ta sa tsinin harshe ta ɗauke abin. Tun tana budurwa a Kornaka take wannan aiki. Takan ce ta san ɗanɗanon idon rabin garin, kuma na dillalan shanu ya fi gishiri.

Da tsufa ya zo, farar yana ta rufe nata idanun. Likita ya ce a kai ta Maradi a cire, aikin ba wuya, amma jinkiri ba alheri ba ne. Ta ƙi. Ita da ta taɓa idon kowa, ba ta yarda ƙarfe ya kusanci nata ba. Allah ya ba ta su cikakku, in ji ta, haka za ta mayar masa.

Ɗanta Idrisa, direban kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Agadas, ya yi roƙo har ya gaji. Wata rana ya kawo mata tsarabar wani baƙin dutse mai siffar ƙwaro, ta mai da shi abin danne faifai.

Maƙwabcinta Malam Sa'adu, malamin lekol, wato makarantar boko, shi ya gane dutsen ran da ya shigo gaisuwa. Ya ce wata dabbar teku ce da ta rayu tun kafin a yi mutum har ta zama dutse, dangin kunama na nesa, kuma ana jin wasunsu farauta suke yi. Kowane ido nata taron ƙananan idanu ne, ga su nan ma a dutsen.

Inna ta shafa, amma taɓarya ta riga ta cinye jin yatsunta. Sai ta kurkure baki, ta kai harshe. Malam ya kau da kai, don kunya ko don dariya, ban sani ba.

Ta daɗe. Ta ce jere suke, layi-layi, kamar ƙwayar gero a zangarniya, ba ko ɗaya da ta ɓantare. Ta tambayi abin da ƙwaron yake gani da su. Malam ya ce abinci, da maƙiyi, da hasken da ke ratsa ruwa.

"To yanzu fa, mi yake gani?"

"Ba komai, Inna. Idon ne ya rage."

Ta juya dutsen a hannunta. Ta ce lallai wannan ya iya adana ido, ba wanda ya taɓa masa shi.

Da Idrisa ya dawo, ba ta kira sunansa ba, da yake ɗan fari ne.

"Kai, yaushe za ka Maradi? Ina son in ga ƙwaron nan, ko muninsa ya kai yadda harshena ya hwaɗa mini."