Simintin da Na Shafa wa Gidan Wakafi

Ni ɗin nan da kuke gani, aji uku na yi a firamare, amma na taɓa rusa gida sukutum da cokalin gini kawai. Ku daina dariya, maganar ba ta dariya ba ce.

A alif ɗari tara da tamanin da 'yan kai ne, ina aikin gini a Riyad. Bayan unguwar Murabba akwai wani tsohon gidan wakafi na ƙasa, wanda wani attajiri ya gina tun zamanin raƙuma domin tsofaffin matan da ba su da kowa. Bango mai kaurin ganuwa, rufin itace da rassan dabino, 'yan tagogi masu kusurwa uku. Ko rana ta take, cikinsa sanyi kamar randa.

Lokacin ana cinye unguwar gida-gida. Yau ka ga jan fenti a bango, jibi ka ga fili. Kullum ƙarar katafila sai ƙara matsowa take, har tattabarun soron suka yi ƙaura.

A gidan akwai wata tsohuwa 'yar ƙasarmu, wadda ta zo hajji da ƙafa ba ta koma ba. Wata Juma'a ta tare ni.

"Malam magini, an ce masu duba kayan tarihi za su zo. In gidan ya burge su, za a bar mana shi. Kai kuma sai cin shinkafarmu ka iya, ga bango yana ta zubar da haƙora."

Na ce, "Iya, kwantar da hankalinki, kin samu injiniya."

A garinmu in manya za su zo, yaɓe ake yi. Wa zai tari baƙo da bango mai tsaga? Na roƙi ragowar siminti wajen kafilina, Balaraben da nake wa aiki, na shafe fuskar gidan tas. Na toshe tagogin nan, na bi da shuɗin fenti. Iya har guɗa ta yi.

Suka zo su biyu da kyamara. Babbansu ya daɗe yana kallo, ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa. Ko murfin kyamarar bai cire ba.

"Wa ya yi wannan?"

Na daki ƙirji.

Ya ce tsohon gini suka zo nema, wannan kuwa irinsa sun cika gari. Ya shiga mota.

Iya ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Ta shige ɗaki. Na ji tana jawo akwatinta na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, tana tambayar maƙwabciyarta ko tana da igiyar ɗaure kaya.